Godiya ga waɗanda suka kula da masu kula da mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, mun kammala horaswar kwana uku da ƙungiyarmu ta shirya wa masu aikin sa-kai a nan Jos, kuma kowa ya koma gidansa lafiya. Mun rufe ranar 5 ga Disamba da gangan, domin ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985 don tunawa da irin waɗannan bayin Allah. Idan na ce sa-kai, ba 'yan banga nake nufi ba, kamar yadda kalmar ta koma nufi a wasu jihohinmu. Ina nufin yaranmu masu yashe magudanai kafin damina ta sauka, masu koyar da ƙannensu darasin yamma, masu zama a asibiti wajen mara lafiyar da ba shi da mai jinya.

Ranar rufewa an miƙo mini lasifika in yi godiya, na fara, murya ta ƙi. Shi ya sa na zauna na rubuta, don kada hakkin kowa ya kwana a wuyana.

Sai na faɗi inda abin ya samo asali, in ba haka ba godiyar ba za ta yi ma'ana ba. Shekarun baya mun zama kamar masu zuba ruwa a kwando. Duk sanda muka yi kira, matasa su cika wuri, a ɗauki hoto, a rubuta sunaye. Kafin wata uku a nemi rabi a rasa. Mu shugabanni kuma bakinmu ɗaya: yaran yanzu ba su da juriya. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Akwai wani ƙanenmu ɗan Gangare, mai koyon walda. Duk ranar yasar magudana shi ke fara shiga kwata, shi ne na ƙarshen fitowa. Sai aka daina ganinsa. Wata rana da la'asar na ci karo da shi a wajen Terminus yana tura baro da kayan wata mata. Na riƙe hannunsa na ce, "Kai, ina ka shige? Ka guje mu ke nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai Baba ne ya rasu. Jiya aka yi arba'in."

Na rasa abin cewa. Ya ƙara da cewa, "Da ban ga kowa ba, sai na ce ƙila ba a ji ba ne." Bai faɗa da fushi ba. Uzuri yake ba mu. Kwana arba'in, yaron da ya ba mu ƙarfinsa kyauta yana karɓar gaisuwa a ƙofar gidansu, babu ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya je ya zauna a tabarmar. Mun san ƙarfin damtsensa, ba mu san ƙofar gidansu ba. A daren nan ban yi barci ba.

Da muka fara bin sawun sauran waɗanda suka ɓace, sai muka ga ruwa ba ya tsami banza. Wata ƙanwarmu da ke koyar da lissafi a darasin yamma, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin keke ya fi ƙarfinta. Ta yi ta takowa da ƙafa daga Rikkos zuwa Farin Gada har ta gaji, kunya ta hana ta faɗa. Wani jarrabawa ce ta taso masa a Jami'ar Jos, ya ji nauyin neman izini, ya zame shiru. Wani kuma cewa ya yi wata shida yana zuwa, kujera kawai yake jerawa, ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya iya.

Daga nan ne muka kafa kwamitin kula da masu aikin sa-kai. An yi gardama sosai. Wasu sun ce kwamiti a kan kwamiti, ga aiki jibge ba hannu, kuma za a ware mutum bakwai su zauna suna buga waya? Ban ga laifinsu ba, don a lokacin hannun ya yi mana kaɗan da gaske. Amma mun tsaya a kan sharaɗi ɗaya: duk wanda ya shiga wannan kwamiti ba za a ɗora masa wani aiki ba. Ba ya shirya taro, ba ya neman tallafi. Aikinsa mutane ne. A ganina wannan sharaɗin ne ya riƙe abin, domin da an haɗa musu da wani nauyi, ranar da aiki ya matse kula da mutum za a fara ajiyewa.

Godiyata ta farko ga Antinmu, malamar firamare da ta jagoranci kwamitin. Anti, ke kika kawo littafin nan mai baƙin bango, wanda yanzu duk ƙungiya ta san shi. Kowane mutum da shafinsa: unguwarsu, sana'arsa ko makarantarsa, ranakun da yake da sarari, abin da ya iya, da abin da yake so ya koya. Wannan layi na ƙarshe shi ne ba mu taɓa tambayar kowa ba sai da kika zo. Na ga yadda kike zama bayan sallar isha da jan biro, duk wanda aka yi mako biyu ba a ji ɗuriyarsa ba ki sa masa alama, washegari wanda ke riƙe da unguwarsu ya taka ya je. Kin ce waya ba ta isa ba, zumunci a ƙafa yake. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Sauran 'yan kwamitin shida, kun raba unguwanni a tsakaninku, daga Unguwar Rogo zuwa Nasarawa Gwom, daga Ali Kazaure zuwa Yan Shanu. Ku kuka shiga gidaje kuka gaida iyaye, kuka yi musu bayanin inda 'ya'yansu ke zuwa da lokacin da za su dawo. Ku kuka kawo tsarin haɗa kowane sabon shiga da wani tsohon hannu na wata guda, don kada ya zo ya tsaya kamar baƙo a gidan biki. Ku kuka sa aka rubuta cewa mai jarrabawa, ko mai jinya, ko mai shirin aure yana da damar ɗaukar hutu ba tare da an kalle shi a matsayin wanda ya gudu ba, kuma wanda zai bar mu gaba ɗaya a sallame shi da addu'a da takardar shaida. Dokokin kare yara ma daga wajenku suka fito: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a aji, ba a sa hoton yaro a Facebook sai da yardar iyayensa, 'yan mata kuma a sallame su kafin magariba. Da farko wasu sun ga kamar zargi ne. Kun yi haƙuri kun bi su ɗaya bayan ɗaya har suka gane cewa dokar tana kare malamin kamar yadda take kare ɗalibin.

Ma'ajinmu, ɗan kasuwar Katako, na gode. Asusun kuɗin mota da ka riƙe ƙarami ne, amma ko sisi bai taɓa yin ɓatan dabo ba. Duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafin lissafi ka tura dandalinmu na WhatsApp, abin da ya shigo da abin da ya fita. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka taɓa rubuta sunan wanda aka ba ba, sai lamba. Saboda haka ne mai buƙata ya daina jin kunyar karɓa, kuma malamar lissafinmu ta dawo ajinta.

Horaswar kanta sai dai mu ce Allah ya biya. Yayarmu ma'aikaciyar jinya ta sauko daga aikin dare, ko gida ba ta je ba, ta zo ta tsaya da mu tare da 'yan agaji biyu da suka sa kakinsu suka zo. Na tsaya a bayan aji ina kallo lokacin da ta tambaya me ake sa wa ƙuna. Amsoshi suka yi ta fitowa: manja, ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri. Ba ta yi wa kowa dariya ba. Ta ɗauko buta ta kama hannun wani yaro ta nuna: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi har minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura. Ta sa kowa ya durƙusa a kan tabarma ya gwada danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2, yadda ake yi wa wanda numfashinsa ya tsaya, a jikin mutum-mutumin roba. Ta sa aka haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanta, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowa ya ɗanɗana don harshensa ya riƙe. Yaya, abin da kika shuka a ajin nan zai shiga gidajen da ba za ki taɓa sani ba.

'Yan'uwanmu Kiristoci da suka zo daga Anguwan Rukuba da Tudun Wada, ban san da wane baki zan gode muku ba. Duk ɗan Jos ya san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi wa garin nan, ya san yadda unguwanni suka rabu har akwai matasan da suka girma ba su taɓa taka wani ɓangare na garinsu ba. Kun zo kwana uku a jere, kun koyar da mu yadda kuke riƙe matasanku, mun koyar da ku namu. Lokacin da muka tashi sallar azahar, ku kuka zauna kuka tsare mana kaya. Iyayenku da suka amince suka bar ku, ku isar musu da gaisuwarmu.

Baba Mai Unguwa, ranka ya daɗe, mun gode da zaman da ka yi da yaran nan. Da ka ba su labarin ambaliyar Rikkos ta watan Yulin 2012, a farkon azumi, yadda ruwa ya zo da dare ya tafi da gidaje da rayuka, da yadda samari suka kwana suna tono da hannu, aji ya yi tsit. Da yawansu suna ƙanana a lokacin. Yanzu sun san dalilin da ya sa muke matsa wa yasar magudana tun kafin hadarin farko. Malam Liman, mun gode da addu'a da sanarwar da ka yi mana a masallaci.

Iyayenmu mata da suka tashi tun asuba cikin wannan sanyi na Jos mai shiga ƙashi, suka dama kunun gyaɗa, suka soya masa, suka tuƙa gwate da rana, Allah ya sa a mizani. Mai makarantar da ya ba mu azuzuwa kyauta, da mai keken da ya yi ta jigilar kujeru ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, da wanda ya aiko da buhun dankali ya ce kada a faɗi sunansa, ba mu manta ba.

Akwai inda muka gaza, kuma ina neman afuwa. Rana ta biyu abinci ya yi latti har wasu suka tafi ba su ci ba. An samu kuskuren suna a wasu takardun shaida. Laifin namu ne, mu masu shiri, kuma za a sake bugawa. Duk wanda abin ya shafa ya mayar da tasa ga wanda ke riƙe da unguwarsu.

Sai ku, masu aikin sa-kai, da ke zuwa ba albashi ba alawus. Mun daɗe muna cin moriyarku ba mu tambayi lafiyarku ba. Ku yafe mana.

Ƙanen nan nawa na Gangare ya dawo. Mun je gidansu gaba ɗaya, muka yi wa mahaifiyarsa ta'aziyyar da ta makara, ta karɓe mu da fuskar da ba mu cancanta ba. Yanzu shi ke riƙe da jerin dubiya da ta'aziyya da barka na ƙungiyar, shi da kansa ya nemi a ba shi. Ranar rufe taro na gan shi tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu, yana tambayar wata yarinya jikin kakarta.

Kwamitin zai sake zama Asabar ta farko a watan Janairu, bayan la'asar, a inda muka saba. Wanda ya san ya taɓa aiki da mu amma ba a buɗe masa shafi a littafin Anti ba, ko ya san wani da ya daina zuwa ba a neme shi ba, don Allah ya zo ya faɗa mana. Allah ya jiƙan mahaifin ƙanen nan namu, ya kai haske kabarinsa, ya jiƙan dukkan magabatanmu.

Wassalamu alaikum.