6 bisa 20

Ranar Asabar zan hau mota zuwa Yamai, bayan shekara 7 ina koyar da Faransanci a wata lise a nan Tawa, 5 daga ciki a matsayin ɗan kwantaragi. Abokan aiki sun ce in bar wa masu zuwa ƴar magana. Ba zan ɓata bakina kan albashin da ba ya zuwa sai mai shago ya gaji da rubuta sunanka a littafin bashi ba, ko aji mai ɗalibai 80 cikin zafin Afrilu. Duk kun san wannan. Abu guda ne ya tsaya mini a rai.

A shekarata ta uku ina karantar da littafin Mariama Bâ, Une si longue lettre, wanda ya fito a Dakar a 1979. Na haddace shi kamar karatun allo: Ramatoulaye tana takaba, wata 4 da kwana 10, tana rubuta wa ƙawarta Aïssatou yadda mijin da ta haifa wa ƴaƴa 12 ya auri ƙawar ƴarsu, ya juya mata baya, sannan ya mutu ya bar ta da ƴan gaisuwa. Nakan kasa jigogin a kan allo kamar mai tumatir a kasuwa, soyayya nan, kishiya nan, mutuwa can, abota a ƙarshe. Yara su kwafe, su ajiye don ranar bak, jarrabawar gama lise. A ganina aiki ya yi.

Sai na ba su aikin gida: kowa ya rubuta wa amininsa wasiƙa kan wani rashi da ya yi. Yawancinsu sun cika shafi da satar waya da mutuwar rago. Wata yarinya, ƴar wani ƙauye ta wajen Keita da ke zaune gidan gwaggonta, ta kawo shafi 4. Mahaifinta ya tafi biɗa, kamar rabin mazan Adar. Wasu Abijan suke yi, shi ya bi ta Agadas ya nufi Libiya. Kiransa na ƙarshe daga Sabha ne, shekara 6 ke nan. Ta rubuta cewa Ramatoulaye ta yi sa'a, don ta ga gawa, an yi mata gaisuwa, ta san ranar fita takaba. Ita kuwa innarta ba a san sunan da za a kira ta ba. Masu aure sun ce ba ta da miji, zawarawa sun ce da aurenta. Har lokacin tana rufe masa ƙwaryar fura da faifai, sai ta yi tsami a ba yara.

Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani kurakurai ne, kuma na ƙirga su da jan biro har 47. Na ba ta 6 bisa 20.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Al'adar da na tarar a makarantar ita ce ranar mayar da takardu malami ya karanta mafi kyau da mafi muni, ba tare da faɗin suna ba. Wane suna kuma ake nema a Tawa? Kafin in gama sakin layi na farko, duk ajin ya waiga. Akwai inda ta ɗauki “cikina ya ɗuri ruwa” ta zuba shi cikin Faransanci kalma da kalma. Wani yaro a baya ya tuntsire da dariya, aji ya ɗauka, ni ma na murmusa. Wannan murmushin ne ban yafe wa kaina ba. Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ce, “Mushe, ai ba don su na rubuta ba.” Ta fita, littattafanta a kan tebur.

Bayan kwana 3 gwaggon ta zo. Tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya da iyali, sannan ta ce, “Ɗana, kai ne malamin? Ita ta ba ka amana, kai ka kai kasuwa.” Na ce, “Inna, na yi kuskure,” ban sami abin ƙarawa ba.

Shugaban makarantar yana zaune. Mutumin da ya sha faɗa mana a taron malamai cewa kunya ce maganin ragon ɗalibi, shi ne ya dafe ƙirji a gaban tsohuwar, ya ce bai taɓa jin an yi irin wannan a makarantarsa ba. Kafin la'asar takardar neman bahasi ta iso ni, aka sa kwafinta cikin fayil ɗina, kuma ina da yaƙinin ta taimaka wajen tsawaita mini kwantaragi. Laifina ban musa ba. Amma tare muka ci tuwon, ni kaɗai aka kama da miya a hannu. Yarinyar ba ta dawo bayan hutu ba. Na ji an yi mata aure. Ban ce ni na jawo ba, ban kuma wanke kaina ba.

Takardar ta zauna a wurina, sai na sake karanta ta ba biro a hannu. A nan na gane cewa yarinyar da na ba 6 ta hango a littafin abin da ni mai digiri ban hango ba: takaba, duk ɗacinta, gata ce, don tana da ƙarshe. Na tambayi wani malamin unguwarmu hukuncin matar wanda ya ɓata. Ya ce a Malikiyya sai ta kai ƙara wurin alƙali, a bincika, ta jira shekara 4, sannan ta yi iddar mutuwa. Ya ce da yawa ba sa zuwa, don zuwan kamar kashe shi ne da bakinsu. Shekara uku ina koyar da “jigon rashi” ban san wannan ba.

Daga nan na koma ga abin da lakwal, wato makarantar boko, ta koya mini rainawa. Na nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, inda uwa ta bi sawun ɗanta ta hamada, ta faɗa bauta, ta kai ƙasar da yau ake kira Libiya, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika. Kusan hanyar da uban yarinyar ya bi ke nan, a littafin da ya girmi na Mariama Bâ da shekara 45, kuma cikin harshen da ɗalibaina ke mafarki da shi. Na kuma buɗe kabad ɗin da muke tara littattafan soyayya na Kano da muke ƙwacewa daga ƙarƙashin tebura. Tun tsakiyar shekarun 1980 ake buga su, mata ne suka fi rubutawa. Ba zan yi ƙarya ba, da yawansu shirme ne, saurayi mai mota da budurwa fara tas, kuka shafi ashirin. Amma auren dole, kishiya, saki, maraici, duk abin da nake kasawa a allo yana ciki. Na Mariama Bâ mun ba shi kujera a jarrabawa don ya zo da Faransanci, sauran mun kulle su kamar kayan sata. Kuma a cikinsu ne ƴan matan nan da yawa suka koyi karanta Hausa, ba wanda ya koya musu. Yanzu ma littattafan sun koma cikin waya, sai a je a ƙwato.

Tun ranar ban sake karanta takardar kowa a gaban aji ba. Idan na ba da aikin da ya taɓa gida, nakan faɗa tun farko cewa an yarda mutum ya ƙirƙira. Makin harshe da jan biro, amsar abin da aka faɗa mini da fensir a ƙasa. Wani mai duba malamai ya ce babu wannan a tsari. Na ce to, na ci gaba da abina. Har yau tsofaffin ɗalibai na tare ni a kasuwa su maimaita mini abin da na rubuta musu da fensir, ba wanda ya taɓa tuna makinsa.

Sauran kaɗan ne. Duk umarnin da shugaba ya ba ka da baki, ka nemi ya sa hannu. Ka san wane ɗalibi ke zaune gidan wani. Kada ka ranci kuɗi wurin uban ɗalibi. Ka gaida mai gadi kafin kowa.

Wanda zai gaje ni zai tarar da kwafi 11 na littafin Mariama Bâ, biyu ba su da shafukan ƙarshe, sai a haɗa yara takwas-takwas. Na Kano suna ƙasan kabad cikin buhun shinkafa, ban ƙona su ba kamar yadda aka ce in yi. Mabuɗin yana wurin mai gadi. Kada a tambayi shugaba, zai ce bai taɓa jin labarinsa ba.