Randar Ƙofar Shagona

Duk wanda ya zauna a Kano a farkon 2023 ba zai manta da wahalar canjin kuɗi ba. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa ganinsu ya yi wuya. Mutum da kuɗinsa a banki amma na cefane ya gagare shi. A cikin wannan hali ne wata tsohuwa, wadda har yau ban san sunanta ba, ta biya mini kuɗin mota.

Ni tela ne, shagona yana Kurna. Ran nan na je Kantin Kwari sayen yadi, na fito da ƙunshin kayana na tari adaidaita sahu. Tun kafin in hau na gaya wa direban ba ni da tsaba, sai dai in tura masa ta waya, ya yarda. Na zauna gaba kusa da shi, mata biyu suna baya. Da muka iso, sabis ya ƙi. Na gwada sau uku, shiru. Yaron tun safe yake fama da irin wannan, ga mai zai saya, ga balas da zai kai wa mai mashin da yamma. Muryarsa ta fara tashi, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai tsohuwar ta kwance bakin mayafinta, ta zaro 'yan ɗari-ɗari guda biyu da suka yi laushi don tsufa. Sai wanda ya ga lokacin zai gane nauyin wannan kyauta, domin a ranar naira ɗari a hannu ta fi dubu biyar a waya amfani.

"Karɓi, yaro, ka sallame shi."

Na ce, "Inna, ba ni lambar asusunki, da sabis ya dawo zan tura miki."

Ta yi dariya. "Ni ina na ga asusu, ɗana? Sauka ka je, Allah ya rufa mana asiri."

Mashin ya ja, suka yi wajen Rijiyar Lemo.

Na daɗe ina juya abin a raina. Idan ɗan'uwa ko maƙwabci ya yi maka alheri, ka san ƙofar gidansa. Ranar suna ko biki ka kai gudummawa, ka rama, hankalinka ya kwanta. Alherin baƙo kuwa ba shi da ƙofar da za ka mayar da shi. Yana nan a wuyanka kamar bashi, mai shi ya tafi, ba inda za ka kai shi sai wajen wani baƙon. A ganina shi ya sa irin wannan alheri yake yaɗuwa fiye da na dangi.

Bayan ƙaramar Sallah, a ƙarshen Afrilu, zafi ya kai inda ya kai. Ina kan keken ɗinki ina kallon masu wucewa, 'yan dako da 'yan talla da ɗalibai, kowa leɓe a bushe. Sai na tuna zauren kakana a ƙasar Bichi, inda randa da moɗa ba sa rabuwa da bakin ƙofa, matafiyi ya sha ya wuce ba sai ya yi sallama da kowa ba. Na tuna kuma da abin da malaminmu ya karantar da mu, cewa da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Na sayo randa, na binne gindinta cikin yashi a inuwar rumfa, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska tana busarwa, na ciki yana yin sanyi ba ruwansa da wutar lantarki.

Ban roƙi kowa komai ba. Sati bai cika ba ɗan garuwan da ke kawo mini ruwa, mutumin Damagaram, ya ce daga yau jarka ɗaya tasa ce, kada in ƙara ba shi kuɗinta. Wannan mutum da ƙarfinsa yake tura kura cikin rana, jarka ɗaya ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Almajiran makarantar bayanmu suka ɗauki sharar wurin da wanke moɗa. Bakaniken da ke tsallaken titi ya ajiye tasa randar.

An ɗauke moɗa sau biyu. Wasu suka ce in ɗaure ta da sarƙa, raina bai so ba, domin kamar ka ce wa mai ƙishirwa ɓarawo ne kafin ya sha. Na san garin ya canja, ƙwacen waya ya sa mutane suna ɗari-ɗari da wanda ba su sani ba, kuma suna da hujja. Amma wata safiya na zo buɗe shago na tarar da sababbin kofuna biyu a kan murfin randar. Wani matashi kuma ya so ya ɗauki bidiyon masu sha ya sa a Facebook, na hana shi. Mai ƙishirwa bai zo don a nuna shi a duniya ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne gaisuwa. A da mutane wucewa kawai suke yi. Yanzu wanda ya sha sai ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, maigida, Allah ya saka." Wani Bayarabe direban tirela ya yi mini addu'a da harshensa, ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai ce amin. Ranar da ɗinki ya cakuɗe, masu kaya suna matsa mini, waɗannan gaisuwar ne ke sanyaya mini zuciya.

Har yanzu in na hau adaidaita daga Kwari nakan waiga baya. Fuskarta ta ɓace mini, abin da na riƙe shi ne hannunta mai tsohon lalle yana kwance ƙulli.