Bin Sawun Mutanen Farko a New Mexico

Kawuna ya daɗe a Albuquerque, a jihar New Mexico ta Amurka, kuma mutum ne da tuƙi ba ya gajiyar da shi. Da na ce masa ina son zuwa Clovis sai ya ce me na ajiye a garin da babu komai sai shanu da jirgin ƙasa. Duk da haka ya sha mai, matarsa ta ɗaure mana dambun nama da cincin, muka kama hanya bayan asuba.

Mun bi babbar hanya ta 40 zuwa gabas, a Santa Rosa muka karkata kudu zuwa Fort Sumner. Nan gwamnatin Amurka ta tsare dubban 'yan ƙabilar Navajo da Mescalero Apache a shekarun 1860, a wurin da ake kira Bosque Redondo, bayan an koro Navajo a ƙafa daga ƙasarsu. Ba mu tsaya ba. Daga nan ƙasa ta miƙe sumul kamar faifai, ba tudu ba itace, har warin garken shanu ya sanar da mu cewa Clovis ta kusa.

Abin da ya kai ni yana wajen gari, tsakanin Clovis da Portales, garin masu noman gyaɗa. Sunan wurin Blackwater Draw. Wanda bai sani ba zai wuce shi, don tsohon ramin ɗiban tsakuwa ne da ciyawa ta rufe. A 1929 wani saurayi ɗan shekara 19, Ridgely Whiteman, ya tsinci manyan ƙasusuwa da tsinin mashi na dutse a nan, ya rubuta wa cibiyar Smithsonian. A farkon shekarun 1930 Edgar Howard ya zo daga Philadelphia ya fara tono, aka samu tsinin mashin kwance tare da ƙasusuwan mamot, giwar zamanin ƙanƙara da ta ƙare tuntuni. Masu ɗiban tsakuwa kuwa ba su fasa aikinsu ba, shekaru da dama masu bincike suna tsere da katafila, kafin jami'ar da ke Portales ta karɓi filin.

Akwai wata rumfa da aka gina a kan wani sashe na ramin. A ciki an bar ƙasusuwan ɓauna yadda aka same su, hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa. Da can idon ruwa ne a wurin, dabbobi su zo sha, maharba su yi musu kwanto. Har rijiyoyin da aka haƙa da hannu lokacin fari an gano. Kawu da ya shigo yana hamma, a nan ya tsaya ya fara tambaya.

Tsinin mashin na Clovis mun gan shi a gidan tarihin jami'ar. Dutse ne da aka feƙe fuska biyu, aka cire masa wata kwarmi a gindi inda zai zauna a kan ƙota. Shekararsa wajen 13,000. An same shi a faɗin Arewacin Amurka, shi ya sa masana suka yi shekaru da dama a kan magana ɗaya: masu yin sa, da aka sa wa suna mutanen Clovis, su ne na farko a nahiyar. Bayanin ya zauna daram. A zamanin ƙanƙara ruwan teku ya ja baya da kusan mita 120, mashigin Bering da yau ya kai kilomita 85 ya zama busasshiyar ƙasa tsakanin Sibiriya da Alaska. Maharba suka tako, suka jira har ƙanƙarar da ta rufe Kanada ta buɗe hanya a tsakiya, suka gangaro. Duk wanda ya zo da wuri da ya ce ya girmi Clovis, sai manyan fagen su yi masa ca.

Abin dariya shi ne su ma masu wannan ra'ayi sai da suka sha irin wannan wahala. Kafin su, manyan Smithsonian cewa suke yi mutum bai wuce shekara dubu uku ko huɗu a nahiyar ba. Wanda ya fara rusa wannan wani baƙar fata ne makiyayi, George McJunkin, da aka haifa cikin bauta a Texas. Bayan ambaliyar 1908 a Folsom, arewa maso gabashin jihar nan, ya ga ƙasusuwa a bakin wani kwazazzabo, ya gane sun fi na kowace ɓauna da ya sani girma. Ya yi ta faɗa ba wanda ya kula har ya rasu a 1922. Sai a 1927 aka tono tsinin mashi tsakanin haƙarƙarin ɓaunar da irinta ta ƙare.

Labarin McJunkin ne ya buɗe bakin Kawu. Muna kan hanya ta 70 zuwa Roswell ya ce, “Ka gani ko? Haka suka yi wa Abubakar na Mali. Mu muka riga Kolombas zuwa, suka binne maganar.”

Na ce, “Kawu, ina ka samo?”

“Kowa ya sani. Ga kawunan dutse can a Meksiko, hanci da leɓe irin namu.”

Maganar tana da tushe, ba ƙirƙirar WhatsApp ba ce. Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji, kuma masanin tarihi al-Umari ya rubuta abin da aka ji daga bakinsa: sarkin da ya gabace shi, wanda ake cewa shi ne Abubakar, ya tura jiragen ruwa 200 cike da mutane, da wasu 200 na zinariya da ruwa da guzuri, su gano ƙarshen teku. Ɗaya ne ya dawo, ya ce wani ruwa mai ƙarfin gudu a tsakiyar teku ya tafi da sauran. Sarkin ya haɗa jirage 2,000 ya tafi da kansa, bai dawo ba. Iyakar abin da ke rubuce ke nan. Al-Umari bai ma ambaci sunan sarkin ba, balle ya ce ya isa wani wuri. Kawunan nan kuwa, guda 17 da aka samu a jihohin Veracruz da Tabasco, mutanen Olmec ne suka sassaƙa su, kuma mafi ƙuruciyarsu ya girmi Mansa Musa da fiye da shekara 1,500. Masu irin wannan fuska har yau suna zaune a yankin.

Kawu ya ce ni boko ya cinye. Na ce masa ai akwai baƙin da aka yarda sun zo kafin 1492, saboda sun bar shaida. A L'Anse aux Meadows da ke Newfoundland an tono gidajen mutanen Bikin na arewacin Turai a shekarun 1960, da ƙusoshin ƙarfe, da itacen da aka tabbatar an sare shi a shekarar 1021. Masu kwalekwalen tsibiran Fasifik sun samu dankali, amfanin gonar Kudancin Amurka, ɗaruruwan shekaru kafin Turawa, kuma binciken ƙwayoyin halitta na 2020 ya nuna jinin ɓangarorin biyu ya haɗu wajen shekarar 1200. Ni ma zan so a tono ko da ɗan dutsen wuya ɗaya na Mali a gaɓar Burazil. Amma so hana ganin laifi ne, kuma abin da ya fi damuna da zancen kawunan Olmec shi ne yana ƙwace wa mutane aikin kakanninsu, irin ƙwacen da Turawa suka yi lokacin da suka ce ba baƙar fata ne ya gina Babbar Zimbabuwe ba.

Ya yi shiru har muka yi sallah a gefen wani gidan mai a Roswell, garin da ya mayar da labarin halittun sararin sama abin kasuwanci. Daga nan hanya ta hau duwatsu, iska ta yi sanyi, muka ratsa ƙasar Mescalero Apache cikin dogayen itatuwa, muka gangara Alamogordo muka kwana.

White Sands, gandun farin rairayi da ke kusa da Alamogordo, tana da ɗan sharaɗi: filin gwajin makamai masu linzami na soja ya kewaye ta, wani lokaci a rufe hanya na awa ɗaya ko biyu. A arewacin filin ne aka fasa bam ɗin nukiliya na farko a Yulin 1945. Mu dai mun samu hanya a buɗe. Tudun rairayi ne fari fat, fiye da murabba'in kilomita 700, kuma ba yashi ba ne, jifsom ne, abin da ake yin silin ɗin POP da shi. Rana na dukansa amma ba ya ƙona ƙafa. Kawu ya cire takalmi ya haye wani tudu yana ɗaukar bidiyo don 'yan gida.

Bayan tuddan akwai busasshen kwarin wani tsohon tafki, Otero. Can aka gano tsofaffin sawun ƙafar mutane, kuma ba a barin baƙi su je, sai hotuna da bayani muka gani a zauren baƙi. Sawun ba ya fitowa sai ƙasa ta samu daidai danshin da yake so, ta bushe ya ɓace. A 2021 David Bustos, ma'aikacin wurin, da Matthew Bennett na jami'ar Bournemouth da abokan aikinsu suka bayyana cewa wasu sawayen mutane a nan shekararsu 21,000 zuwa 23,000. Akasarinsu na yara ne da matasa. A wani sashe na kwarin kuma akwai sawun mutum ɗaya da ya yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi cikin sauri a kan taɓo, saɓe da yaro, yana sauke shi jefi-jefi, sai ka ga ƙananan ƙafafu biyu a gefe. Kafin ya dawo, mamot ta ƙetare sawun, wata ƙatuwar dabba mai dogayen farata ma ta ƙetare. Da ya dawo babu yaron.

Gardama ta tashi nan take, kuma mai ma'ana ce. An auna shekarun ne da kabon na ƙwayar wata ciyawar ruwa, ita kuwa tana iya zuƙar tsohon kabon daga ruwan tafki ta bayyana ta girmi shekarunta. A 2023 aka sake awo da ƙurar furen itatuwan tudu da kuma ƙwayoyin ma'adinin kwaz, aka samu lokaci ɗaya. A 2025 aka auna lakar tafkin, ita ma haka. Masu ja har yanzu suna tambaya ina murhu, ina kayan aiki. Ni dai na karkata ga masu sawun, don awo iri huɗu ba sa haɗa baki su yi ƙarya ɗaya.

Idan haka ne, Clovis 'yan baya-baya ne da kusan shekara 10,000. Dama Monte Verde a ƙasar Chile, inda Tom Dillehay ya tono mazaunin shekara 14,500, ta riga ta karya musu ƙafa tun 1997. Sai dai White Sands ta kawo sabuwar matsala, domin a lokacin ƙanƙara ta toshe Kanada daga teku zuwa teku. Ko dai sun shigo tun kafin ta rufe, ko sun bi gaɓar Fasifik da kwalekwale suna cin kifi da dabbobin ruwa, kuma wuraren da za su tabbatar da hakan yanzu suna ƙarƙashin teku. Asalinsu daga Asiya dai gwaji ya nuna: yaron Anzick da aka binne da kayan Clovis a Montana, an karanta ƙwayoyin halittarsa a 2014 aka ga ɗan'uwan 'yan asalin nahiyar ne na yau, wanda ya raunana masu cewa Clovis daga Faransa da Sifen suka tsallako. Su kansu ƙabilun yankin, da ake tuntuɓa kan aikin sawun, cewa suke yi dama sun faɗa: tun fil azal suna nan.

Kawu ya saka takalminsa ya ce, “To, ko Abubakar ya iso, ya tarar da masu gida.” Bai janye ba, ragi kawai ya yi mini.

Mun koma ta Las Cruces muka hau hanya ta 25. Arewa da garin akwai shingen jami'an kan iyaka, aka tambayi kowannenmu ɗan ina ne, na miƙa fasfo, aka duba biza aka ɗaga mana hannu. A Hatch muka tsaya sayen barkono, don matar Kawu ta ce kada mu shigo mata gida ba shi.