Wanda Bai Dawo Ba

Ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a Gombe. Wata rana shugabarmu ta ce in tattaro mata fayil ɗin duk wanda aka sallama kuma aka sake ba shi gado kafin kwana 30. Ba mu muka ƙago wannan ma'auni ba. A Amurka ma tun 2012 ake zaftare wa asibiti kuɗi idan masu ciwon zuciya ko na huhu suka yawaita dawowa.

Da na kasa su bisa cuta, ban ga sabon abu ba. Masu sikila ne, musamman in hunturu ya kankama, har mun saba da fuskokinsu. Sai masu suga da gyambon ƙafa. Sai waɗanda zuciyarsu ta gaza, cikinsu har da mata masu jego, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, ba sa iya kwanciya sai an jingina su da matashi biyu ko uku.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wajen kasa su bisa yadda suke biya. Masu katin inshorar lafiya, na hukumar tarayya NHIA (har yau NHIS muke ce mata, duk da an sauya dokar a 2022) da na hukumar jihar Gombe GoHealth, su na fi gani suna dawowa. Nan take na yanke hukunci: banza ta faɗi. Ma'aikacin da kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai yake biya, ai ko mura ta kawo shi.

Na faɗa wa wata dattijuwar nas haka, ina jin kaina gwani. Ba ta ko ɗago daga rubutunta ba.

"Ɗana, ka ƙirga waɗanda suka dawo. Wa ya ƙirga maka waɗanda ba su dawo ba?"

Da yamma na ɗauki fayil ɗin masu biya daga aljihu, na bi lambobin waya. Wasu a kashe. Wasu sun ce da sauƙi, Alhamdulillahi. Akwai wani manomi daga wajen Dukku mai ciwon zuciya. Na tuna shi don sai da aka sayar da tunkiya kafin a biya kuɗin sallamarsa. Ɗansa ne ya ɗauka. Ya ce maganin ya ƙare bayan sati biyu, sun sayi rabi a kemis, ƙafar ta sake kumbura, an rasa kuɗin mota balle na gado.

"Ai Baba yau kwanansa tara da rasuwa."

Na yi masa ta'aziyya, na duba takardar da ke gabana. Sunan mahaifinsa na cikin layin waɗanda nake shirin kai wa shugaba a matsayin nasararmu.

Rahoton ya makara da sati guda. Na ja sabon layi da biro a gefen dama, na rubuta a samansa: "An kira? Wa ya ɗauka?"