Tiyon sanyaya man giya: abin da na koya wajen canja shi

Motar da na fara yi wa wannan aikin mai giyar otomatik ce, tana ɗigar da jan mai a ƙarƙashin lagireto. Da na goge wurin na tayar da inji, sai na ga man yana tsattsafowa daga inda tiyon roba ya haɗu da bututun ƙarfe, wurin da aka matse su tun daga kamfani. Yoyo ya fi farawa daga nan, ko kuma daga inda maƙalin bututu ya tara laka har tsatsa ta huda ƙarfen.

Bututun man giyar layi biyu ne. Ɗaya yana fitar da mai mai zafi daga giya zuwa ƙaramin sanyayi da ke cikin tankin lagireto, ɗayan yana mayar da shi ya shafe kayan cikin giya. Idan ɗaya ya zare mota tana tafiya, famfon giya zai kwashe man cikin 'yan mintuna, faifan kulocin ciki su ƙone. Idan kuma man ya fesu a kan salansa mai zafi, gobara ce.

A karon farko tiyon fetur na sa, irin wanda aka rubuta wa SAE J30R7 (lambar da ke nuna aikin da aka yi tiyon dominsa), saboda faɗinsa ya yi daidai kuma ya shiga da kyau. Bai daɗe ba aikin ya dawo. Robar ta yi laushi ta kumbura a bakin kilif, wato zoben ƙarfen da ke matse tiyo a kan bututu, tana jiƙewa da mai. An yi wannan tiyon ne don fetur mai ƙaramin matsi wanda ba ya zafi sosai. Man giya kuwa yana aiki a wajen digiri 80 zuwa 95 na Salshiyas, kuma wanda ke fitowa daga giya yakan haura 120 idan mota na hawan tudu da kaya. Tun daga nan ba na yanka tiyo sai na karanta rubutun jikinsa. Abin da nake nema shi ne SAE J1532, ko bayanin da ya ce ƙarara na sanyaya man giya ne, tare da iyakar zafi da matsin da yake ɗauka. Wanda ba shi da rubutu ko kaɗan, ajiye shi nake yi komai kyansa a ido.

Tiyon ruwan lagireto ya fi na fetur muni a nan. Robarsa ta EPDM ce, tana jure ruwan zafi amma mai yana kumbura ta. Na silikon ma mai yana ratsa shi sannu a hankali. Bututun tagulla yana da daɗin lanƙwasawa, sai dai girgizar inji tana taurara shi har ya tsage.

Sai girma. Yawancin bututun nan inci 5/16 ne ko 3/8, wato kusan milimita 8 ko 10, manyan motoci kuma ana samun rabin inci. Ina auna faɗin bututun ta waje, in sayi tiyo mai wannan faɗin ta ciki. Kada a sa babba a kan ƙaramin bututu da niyyar kilif zai cike giɓin. Robar tattarewa take yi, mai ya bi ta cikin tattarar.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne bakin bututun. Idan an yanke ruɓaɓɓen wuri, bakin da ya rage sumul yake, babu abin da zai riƙe tiyo idan mai ya yi zafi ya jiƙa wurin. Yanzu da abin yankan bututu mai ƙaramar taya nake yanka, ba da zarto ba, domin garin ƙarfen zarto cikin giya zai ƙare. In kankare kaifin bakin ciki da waje, sannan in yi masa ɗan kumburi da na'urar buɗa bakin bututu, matakin farko kawai, yadda zai zama kamar ƙaramin zobe. Idan aka buɗa shi ya yi kaifi kamar bakin kakaki, shi da kansa zai yanka tiyon ta ciki. In shafa ɗan man giya a baki, in tura tiyon ya wuce kumburin da aƙalla santimita 3, in ɗaura kilif biyu a bayan kumburin, kusoshinsu suna kallon ɓangarori daban. Na fi son kilif mai santsin ciki irin na tiyon injekta. Mai ramuka-ramukan nan da ake juyawa da sukudireba yana cin roba idan an matse shi sosai.

Tsawon robar kuma, iya abin da ake buƙata. Inda ƙarfe yake da lafiya na bar shi. Amma ina barin ɗan sako-sako tsakanin inji da lagireto, tunda inji yana motsi a kan kujerunsa, lagireto kuwa a tsaye yake. Tiyon da aka ja ya miƙe tsaf, wata rana zai zare ko ya karya wuyan lagireto. Lanƙwasa mai tsanani ita ce ɓoyayyiyar matsala: a sanyi tana nan lafiya, da roba ta ɗumama sai ta naɗe ta toshe hanya, giya ta yi ta zafi ba tare da ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba. Ina nisanta shi da salansa da fanka da bel, in sa masa riga inda zai goga da kaifin ƙarfe.

Idan ana ƙara sanyayi na waje a gaban lagireto, a layin dawowa nake sa shi, bayan mai ya ratsa na lagireto. Don gane layin, in tayar da inji daga sanyi, in taka burki in sa giya na ɗan lokaci. Bututun da ya fara ɗumi shi ne mai fita.

Man da ya zuba lokacin kwancewa ina tare shi a kwano mai tsabta, in auna, in mayar da sabo daidai adadin, irin wanda littafin motar ya ambata. Launinsa ma ina dubawa. Idan ya yi kama da madara mai ruwan hoda, sanyayin cikin lagireto ya fashe ruwa ya shiga, kuma canjin tiyo ba zai magance wannan ba. Bayan an haɗa, in tayar da inji a wuri mai daidaito, in bi giya ɗaya bayan ɗaya ina tsayawa daƙiƙa kaɗan a kowace, in duba ma'aunin man giya. Yawancin motoci inji yana aiki ake dubawa, amma Honda da yawa sai an kashe. Sannan in zaga da motar har ta yi zafi, in shafa farar takarda a kowace mahaɗa. Washegari, bayan ta huce, ina sake taɓa kusoshin kilif, domin sabuwar roba tana ɗan lotsawa bayan zafin farko.