Shekara huɗu a asibitin karkara

Makon jiya wani ƙanena a wurin aiki, sabon likita da ya gama bautar ƙasa bana, ya tare ni bayan sallar La'asar riƙe da takarda. An ba shi aiki a wani asibitin karkara a nan jihar Gombe, tafiyar kusan awa biyu daga cikin gari. Ya ce, "Yallaɓai, kai ka yi zaman nan. In karɓa, ko in jira gurbi a asibitin koyarwa?" Na ce masa mu nemi wuri mu zauna, maganar ba ta tsaye ba ce.

Ni ma na riƙe irin takardar nan a 2016, na kuma yi lissafina kamar yadda kowa ke yi. Ga gida kyauta a harabar asibiti, ga alawus na zaman karkara, ga abinci da araha. A ɗaya ɓangaren kuma babu wuta, hanya ba kyau da damina, ga nisa da mahaifiyata Dada, ga amarya da ban cika shekara da ɗaukowa ba. Duk lissafin daidai ne, amma cikin shekara huɗu da na yi a can, ba waɗannan ne suka fi yi mini nauyi ba.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Abin da ka tara na haya da cefane, abokinka na birni yana samun fiye da shi in ya tashi aiki ya leƙa asibitin kuɗi da yamma. Kai ba ka da wannan ƙofa. Za a kawo maka zabi, ƙwai, ƙwaryar kindirmo, wani lokaci har da tiyar gyaɗa, kuma wallahi akwai albarka a ciki, sai dai ba su biyan kuɗin jarrabawar neman ƙwarewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, zuwa gida kowane ƙarshen mako ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu.

Babbar ribar tana hannu ne. A asibitin koyarwa sabon likita shi ne wutsiyar layi, yana iya wata da watanni a ɗakin tiyata aikinsa riƙe ƙarfe kawai da kallon manya. Ni kuwa a sati na uku aka kawo wata yarinya a bayan a-kori-kura, cikin fari, kwana biyu tana naƙuda a gida. Ba ta ko yi ƙara ba, saboda kunyar haihuwar fari da aka san matanmu da ita, sai dai gumi da cije leɓe. Kan jaririn ya ƙi saukowa. Na duba agogo, na tuna hanyar Gombe da dare, na san ba za ta kai ba. Tsohuwar ungozomar da ke aikin kwana ta dube ni ta ce, "Likita, ka yi bismillah, muna nan." Ana tsakiyar aiki janareta ya mutu. Mutum uku suka haska mini da fitilar waya har na ɗinke. Uwa da ɗa suka rayu, ranar suna ma aka aiko mini da nama. Kafin shekara ta zagayo, tiyatar haihuwa da ta ƙaba da na yi ta wuce ta duk abokan karatuna da suka tsaya a birni.

To amma nan ɗin ne kuma haɗarin yake, kuma shi na fi daɗewa ina yi wa ƙanen nan bayani. Inda babu babba a kanka, hannunka zai faɗa da wuri, sai dai babu mai ce maka ka kauce.

Lokacin girbi aka kawo wani manomi da maciji ya sara a dunduniya. Da ƙafarsa ya shigo, yana magana garau, kumburi kaɗan. Na wanke wurin, na rubuta maganin zafi, ina shirin sallamarsa. Wani dattijon nas da ya girme ni da kusan shekara ashirin ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya don kada 'yan rakiya su ji, ya ce, "Ranka ya daɗe, kububuwa ce fa. Mu ɗebi jini mu gani." Ya zuba jinin a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, muka jira minti 20, ya karkata ta. Jinin ya kwarara kamar ruwa, bai daskare ba. Na karanta wannan gwaji a makaranta, amma ranar na fahimci abin da ya sa ake ce wa macijin nan gobe-da-nisa: dafinsa hana jini daskarewa yake yi, mutum yana hira yana zubar jini ta ciki. Muka sa shi a mota zuwa Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, aka yi masa allurar kashe dafi, ya dawo gonarsa. Da na sallame shi, da Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare.

Wannan kuskure an tare shi, domin akwai wanda ya sani a kusa. Akwai wanda ba a tare ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa allurar tranexamic acid cikin awa uku da haihuwar, bayan wani babban bincike da aka yi har da asibitocin Najeriya. Magani ne mai sauƙin kuɗi, ba ya ma bukatar firji kamar oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa. Ni ban ji ba sai a 2019, a wani taron bita, daga bakin wata likita da na girma a makaranta. A birni irin wannan labari a zagayen duba marasa lafiya na safe kake tsintarsa ko ba ka nema ba. Na dawo daga taron na buɗe rajistar ɗakin haihuwa, na bi sunayen matan da muka rasa ta hanyar zubar jini cikin shekara biyun nan. Rai na Allah ne, na sani, kuma ba duka ne allurar za ta ceta ba. Amma daren nan ban yi barci ba, kuma daga ranar na ɗaura wa kaina karatu kowace Asabar da kiran wani malamina a waya duk lokacin da abu ya shige mini duhu.

Sai zaman da mutane, wanda babu takardar ɗaukar aiki da ke faɗa maka yadda yake. A birni in mara lafiya ya rasu, ka rubuta takarda ka wuce gado na gaba. A ƙauye kana cikin sahun sallar jana'izarsa, ranar kasuwa kuma ka haɗu da mahaifinsa ya riƙe hannunka ya ce, "Likita, ka yi iya ƙoƙarinka, Allah Ya saka." Wannan ya fi faɗa nauyi a zuciya. Ƙofar gidanka ba ta san dare ba, hutu kuwa sai in akwai wanda zai riƙe maka. Amma wannan kusancin ne ya ba mu abin da kuɗi ba su saya. Ba mu da ma'ajiyar jini, mutane kuma na tsoron bayarwa. Na je wurin hakimi da limamin Juma'a, liman ya yi huɗuba a kai, bayan an idar matasa suka biyo mu aka gwada rukunin jininsu, muka rubuta a littafi da lambar waya. Daga nan in mace na zubar jini da tsakar dare, waya kawai muke bugawa. Na koyi Fulatanci gwargwado, domin mace ba ta faɗa wa tafinta namiji abin da ke damunta. Na kuma koyi yadda ake lallashin miji ya yarda a kai matarsa mai yoyon fitsari cibiyar da ke Ningi, maimakon a killace ta a bayan gida.

Abin da ya dawo da ni a 2020 iyali ne. 'Yarmu ta isa shiga makaranta, mai ɗakina ta haƙura da nata karatun shekara huɗu ba ta taɓa yi mini gori ba, jikin Dada kuma ya fara rauni. Ga shi ina son horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, wanda ba a yin sa sai a asibitin da aka amince wa. Ranar da zan tafi ban iya kallon ungozomar nan ido da ido ba.

Da na gama, ƙanen nan ya ce, "To Yallaɓai, in je kenan?" Na ce ni da za a maido ni 2016 zan sake zuwa, amma da wa'adi, shekara biyu ko uku, kuma da sanin matata da yardarta tun farko. Na ce kafin ya sa hannu ya je da ƙafarsa, kada ya tsaya kallon fentin gini ko girman gidan likita. Ya tambayi likita nawa ne a wurin, ko shi kaɗai zai zama. Ya nemi ganin wanda ke sa barci a tiyata, da ungozomomin da ke kwana, ya ji shekara nawa suka yi a wurin. Ya leƙa ɗakin gwaji ya ga ko ana tantance jini kafin a ƙara wa mutum, ya buɗe firjin magani ya taɓa ya ji da sanyi ko babu. Ya kuma tsaya a tsakar ɗakin haihuwa ya kira ni a waya, mu ga ko sabis na kamawa.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce ranar kasuwar garin zai je, tunda ranar ce motoci ke shiga da yawa, kuma ranar ce asibitin ke cika.