Farfaɗo da dausayin Bodo: duba ruwa kafin dashe

Duk wanda ya taso a Arewa ya san yadda bikin dashen itatuwa yake ƙarewa: manya su zo da jerin motoci, a dasa, a ɗauki hoto, kafin damina ta zagayo awaki da rani sun gama da rabin abin da aka dasa. Na daɗe ina bibiyar aikin farfaɗo da dausayin bakin teku a yankin Neja Delta, kuma abin da na lura shi ne irin wannan gaggawar ce babbar barazana a can, sai dai abin da ke kashe dashen ya bambanta.

Dausayin da nake nufi shi ne dajin mangurob, wato itatuwan da ke tsira a cikin taɓo a inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri na teku. Nijeriya ce ke da mafi faɗin irin wannan daji a Afirka. A tsakanin saiwoyinsa ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke girma, a nan mata ke tsintar dodon koɗi idan ruwa ya janye, kuma shi ne ke riƙe gaɓa kada igiyar ruwa ta cinye ta.

Garin Bodo da ke Ƙaramar Hukumar Gokana a Jihar Ribas shi ne misalin da ya fi jan hankalina. A 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe sau biyu a yankin, ɗanyen mai ya malala cikin rafuka ya kashe dajin. A farkon 2015 kamfanin ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55 bayan ƙarar da mutanen garin suka shigar a Landan. Tun kafin nan, a 2011, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni, wadda Bodo ke cikinta, inda ta ce dawo da muhallin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar a ware dala biliyan 1 don fara aiki. A Bodo ɗin ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin tsaftace Ogoni a 2016.

An tsara aikin rafukan Bodo, wanda daban yake da na gwamnatin tarayya, mataki-mataki: a fara kwashe man da ke saman ruwa da taɓo, sannan a tura ruwa cikin taɓon don man da ya nutse ya taso a tattara shi, sai daga ƙarshe a yi dashe. A ganina wannan jerin ya fi yawan itatuwan da za a sanar an dasa muhimmanci, domin mangurob yana shaƙar iska ne ta saiwoyin da ke fitowa saman taɓo, kuma idan mai ya toshe su itacen ya mutu ko da ganyensa bai taɓa man ba.

Ko inda babu mai, dashe yakan ci tura idan ba a auna ruwa ba. Mangurob ba ya rayuwa a ko'ina a bakin teku, yana da ɗan tsakanin da ya keɓanta da shi, daga matsakaicin tsayin teku zuwa inda cikar ruwa mafi girma ke kaiwa. Idan aka dasa shi ƙasa da nan, ruwa zai riƙa rufe shi fiye da kima ya shaƙe. Idan aka dasa sama, gishiri ya taru a ƙasa ya ƙone shi. Bambancin kan iya zama taƙi ɗaya ko biyu kacal. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an yi ta dashe a Siri Lanka, amma binciken da aka wallafa a 2017 ya duba wurare 23, ya tarar a guda 9 ko itace ɗaya bai rayu ba, kuma 3 ne kawai fiye da rabin dashensu ya kama. A Filifins ma an sha dasa jan mangurob a filayen taɓo da ke fuskantar teku, don kawai irinsa ya fi sauƙin tsinta da kafawa.

Masanin nan ɗan Amurka, Robin Lewis, ya nuna a jihar Filorida cewa idan aka gyara tsayin ƙasa aka buɗe hanyoyin da ruwa ke shiga da fita, teku da kansa yakan kawo iri daga dajin da ke kusa, har wurin ya cika ba tare da an dasa komai ba. A Bodo, inda itatuwan da za su ba da iri suka mutu a fili mai faɗi, dole a yi renon tsirrai a dasa. Akwai kuma matsalar kwakwar nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, wadda ke saurin mamaye duk taɓon da ya zama fili, alhali masunta ba sa samun abin da suke samu a ƙarƙashin mangurob. Wanda ya dasa ya tafi, nipa ce za ta gaje shi, saboda haka kuɗin cire ta na shekaru ya kamata ya shiga kasafi tun farko.

Sauran magana ta mutane ce, kuma a nan ne nake ganin masu tsara aiki suka fi sakaci. Aikin Bodo ya tsaya kusan shekara biyu saboda saɓani da matasan gari, bai ci gaba ba sai a 2017. Fasa bututu da tace mai a ɓoye, abin da ake kira kpofire a can, suna iya sake gurɓata rafin da aka wanke jiya. Matar da ke busar da kifi tana bukatar itacen wuta, kuma mangurob ne mafi kusa da ita. Idan kwangila ta ƙare a ranar da aka kafa tsiro na ƙarshe, babu mai tsaron wurin. Abin da nake so hukumar HYPREP, wadda ke gudanar da aikin tsaftace Ogoni na gwamnatin tarayya, da masu sa ido su riƙa wallafawa shi ne adadin da ya rayu bayan shekara uku da bayan shekara biyar, rafi-rafi, tare da bayanin wanda aka ɗora wa alhakin kula da kowane yanki a cikin al'ummar garin.